Hancin Inji Kafin Cok: Inda Daidaiton Sassaƙar Ƙarfe Yake Farawa

A shagon sassaƙar ƙarfe, idan aiki ya fito yana rawa, cok ake fara ɗora wa laifi. Shi ne a gaba, shi ido yake gani yana juyi, shi yake riƙe da ƙarfen. Sai maigida ya yanke hukunci cewa cok ya gaji, a nemo wani. A biya kuɗi masu ciwo a kawo sabo, a zo ɗaurawa, sai ɗaya cikin biyu ya faru: ko dai ya ƙi hawa injin sam, ko kuwa ya hau amma rawar tana nan daram. Dalili shi ne cok ba a iska yake rataye ba. Zaune yake a ƙarshen sandar da take juya shi, wurin da maƙeran inji suke kira hanci, kuma duk daidaiton da ake nema a jikin aiki daga wannan ɗan wurin yake tasowa. Komai tsadar cok, ba ya fin abin da ya zauna a kai daidaito.

Aiki uku ake nema a wurin hanci. Ya sa tsakiyar cok ta faɗa daidai kan tsakiyar sanda, ya ba shi shimfiɗaɗɗiyar fuska da zai jingina don kada ya karkace, sannan ya riƙe shi gam ya juya shi, ko wuƙa tana cin ƙarfe da nauyi, ko an taka birki, ko an sa ribas. Ire-iren hancin nan da suke rikita mai saye da haruffa da lambobi, kowanne dabara ce ta biyan waɗannan buƙatu, kuma kowace dabara da zamaninta da ƙasar da ta fito.

Mafi tsufa shi ne hanci mai tiredi, wanda ake murɗa cok a kansa har ya tsaya. Shi ake samu a ƙananan injina na da. South Bend na Amurka, kamfanin da aka kafa a 1906, injinsa mai inci 9 yana da hanci mai kaurin inci 1½ da tiredi 8 a kowane inci. Myford ML7 na Ingila, wanda ya fito a 1946, nasa inci 1⅛ ne da tiredi 12. Boxford, shi ma ɗan Ingila, tsarin South Bend ya kwaikwaya, har kauri da yawan tiredin duk ɗaya ne, amma kusurwar tiredinsa digiri 55 ce irin ta Whitworth, ta South Bend kuwa digiri 60. A takarda za ka rantse abu ɗaya ne. A hannu kuma farantin wannan yana iya cijewa a hancin wancan tun bai kai ƙarshe ba, ko ya shiga yana taɓa tiredin a wuraren da bai kamata ba.

Bayan tiredin akwai wani ɗan wuya sumul, bayan wuyan kuma akwai kafaɗa. A ML7 kaurin wuyan inci 1¼ ne. Masu sana'a sun daɗe suna jayayya kan ko wuyan ne yake kawo cok tsakiya ko gangaren tiredin ne da kansa, amma babu mai jayayya a kan kafaɗa: idan bayan farantin bai kwanta a kanta ko'ina ba, cok ya karkace ke nan.

Aibin wannan hanci guda biyu ne, kuma kishiyoyin juna ne. Na farko, yana kwancewa lokacin da ba a so. Aka sa ribas, ko aka tsayar da inji farat ɗaya, nauyin cok yana ci gaba da juyi sandar kuwa ta tsaya, sai ya warware kansa ya sauko kan gadon inji, in an yi rashin sa'a ya nufi ƙafar mai aiki. Wannan hatsari ya ƙaru yanzu da mutane suke ɗaura wa tsofaffin injina inbata don samun wuta mai layi uku, domin inbata tana iya tsayar da mota da sauri fiye da yadda aka tsara hancin ya jura. Aibi na biyu, yana ƙin kwancewa lokacin da ake so. Cok ɗin da aka wurga shi ya daki kafaɗa da ƙara, aka yi yanka mai nauyi a kansa, aka bar shi shekara da shekaru ba a taɓa saukewa ba, sai ya zama kamar an yi masa walda. A nan ne ake tafka ɓarna. Yaro ya kulle sanda da giyar baya, ya cusa ƙarfe tsakanin haƙoran cok, ya ɗauko guduma. Cok ɗin ba ya motsi, haƙoran giyar ne suke ɓallewa, don ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa sai dai ya karye. Duk wanda zai sayi tsohon inji mai irin wannan hanci ya buɗe murfin kai ya ƙirga haƙoran babbar giyar; gurbin da zai gani, ko ɗinkin tagulla, yawanci labarin wani cok ne da ya taɓa cijewa. Maganin ba shi da tsada: a goge tiredi tas, a ɗiga mai, a murɗa da hannu har ya taɓa kafaɗa, a ɗan matsa kaɗan, kuma kada a taɓa kunna inji don ya ɗaure cok da kansa.

Da injina suka ƙara gudu da ƙarfi, sai Amurkawa suka fito da hanci mai doguwar tefa, wanda ake yi wa laƙabi da harafin L. Tefa ita ce siffar da take da kauri a gindi tana tsukewa zuwa baki. A nan cok yana hawa tefa mai tsukewar inci 3½ a kowace ƙafa guda, akwai ki a kwance a jikinta da yake hana shi zamewa, sannan wani babban zobe mai tiredi da yake maƙale a sandar shi yake jawo cok ɗin ya matse. Girmansa biyar: L00, L0, L1, L2 da L3, kuma kaurin gindin tefar ya tashi daga inci 2¾ a L00, zuwa 3¼ a L0, har 6½ a L3. Tsofaffin Colchester masu zagayayyen kai suna da shi, Student da Master L0, Triumph kuma L1. Hanci ne nagari, ribas ba ya kwance shi, kuma yana mayar da cok inda yake kowane lokaci. Illarsa ita ce tsayin tefar yana tura cok nesa da boris ɗin gaba, kuma duk nisan da aka ƙara, ƙarin hanya ce ga girgiza. An daina yayinsa a sababbin injina, saboda haka farantinsa ya yi wuyar samu.

Abin da ya gaje shi, kuma yake mulki har yau, shi ne gajeriyar tefa. A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata, domin sunaye uku ne a kan tushe ɗaya. Tefar ba ta da tsayi, kusurwarta digiri 7 da minti 7 da daƙiƙa 30, wato kaurinta yana raguwa da milimita 1 a duk milimita 4 na tsayi, kuma a bayanta akwai faffaɗar fuska. Girman yana tafiya da lamba: lamba 3 kaurin tefarta milimita 53.975, lamba 4 milimita 63.513, lamba 5 milimita 82.563, lamba 6 milimita 106.375, lamba 8 milimita 139.719, haka har manya. Bambancin kawai yadda ake jawo cok ya manne.

A nau'in A, da dogayen kusoshi masu tiredi ake ɗaure shi kai tsaye a fuskar hanci, tare da wani ɗan maɓalli da yake ɗaukar nauyin juyi. A1 yana da layin ramuka biyu, na ciki da na waje, A2 na waje kaɗai. Shi ne a kan yawancin injinan da kwamfuta take sarrafawa, inda ba a cika sauke cok ba. A nau'in da Jamusawa da ƙasashen gabashin Turai suka fi so, turaku ne masu noti a bayan cok. A zura su ta ramukan hanci, a ɗan juya wani zobe da yake baya ya tare notocin, sannan a matse. Injin 16K20 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ƙirar masana'antar Krasny Proletary da ke Mosko, wannan tsarin yake bi a lamba 6. Na uku shi ne D1, wanda aka fi sani da kamlok. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 702 ta tattara su duka: kashi na 1 na A ne, na 2 kamlok, na 3 mai zobe. Jamusawa kuma suna kiransu DIN 55026 da 55029 da 55027. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi ba zai sha wahalar karanta takardar mai sayarwa ba.

Kamlok shi ya fi dacewa da shagon da ake sauya cok sau da yawa a yini. A bayan farantin akwai turaku masu gurbi a gefe, uku a D1-3 da D1-4, shida daga D1-5 zuwa sama. Kaurinsu ma alama ce: inci 9/16 a D1-3, 5/8 a D1-4, 3/4 a D1-5, 7/8 a D1-6, inci 1 cif a D1-8. A jikin hanci kuma akwai kam, ɗaya ga kowane turke, wanda idan aka juya shi da makulli yake shiga gurbin ya ja turken ciki. Colchester Bantam da Monarch 10EE D1-3 ne, Student 1800 da Master 2500 da Harrison M300 D1-4, Triumph 2000 D1-6, Mascot 1600 D1-8.

Ga yadda gwani yake ɗaura shi. Ya kashe wuta daga babban makunni, ya shimfiɗa katako a kan gadon inji ƙarƙashin hanci don kada cok ya suɓuce ya sari gadon. Ya goge tefa da fuska da tsumma mai tsabta, na inji da na cok, sannan ya bi da tafin hannu, domin fata tana jin ɓarɓashin da tsumma ya tsallake. Ya nemi alamar da aka buga a gefen faranti ya haɗa ta da ta hanci, don cok ya koma yadda ya saba zama. Ya tura, ya ɗan kama kowane kam sama-sama, sannan ya sake zagayawa ya matse, in shida ne yana tsallakawa daga wannan zuwa na gabansa. Sai ya sunkuya ya duba. Kowane kam yana da ɗan layi a kansa, a jikin hanci kuma akwai alamomi biyu masu siffar V. Idan yaro ya ce, "Oga, ya ɗauru," tambayar ita ce, "Layin yana tsakanin alamomin nan biyu?" In ya wuce ta biyun, turken ya yi tsayi, kam ɗin ya kusa zarcewa ya saki, a sauke cok, a cire ɗan sukurun da yake tsare turken, a murɗa shi ciki zagaye ɗaya. In bai kai ta farkon ba, a warware shi zagaye ɗaya. Turakun nan da gangan aka bar su suna ɗan motsi ko bayan an mayar da sukurun, kada wani mai son gyara ya ce zai ƙulle su tamau.

Wahalar gajeriyar tefa ita ce dole ta taɓa wuri biyu a lokaci ɗaya, tefa da fuska. An ƙera ta yadda tefar za ta fara kamawa, a bar ɗan gibi siriri a fuska wanda matsewa take rufewa. Idan ramin farantin ya yi faɗi, fuska ta zauna amma cok yana da wurin zamewa gefe. Idan ya yi ƙunci, tefa ta cije fuska ba ta kwanta ba, sai cok ya karkata wajen kam ɗin da aka fara matsewa, yau nan gobe can. Kuma lissafin ba ya yafiya: ƙara milimita 0.01 a faɗin ramin yana tura farantin ciki da milimita 0.04. Datti ma haka. A ce faɗin fuskar milimita 100 ne, ɓarɓashi mai kaurin milimita 0.05 ya maƙale a gefe ɗaya. A nisan milimita 200 daga fuskar, tsakiyar aiki ta kauce da 0.1, agogon awo kuwa zai nuna rawar 0.2. A ƙasar da hunturu yake zuba ƙura a kan komai, a shagunan da injin wasa ƙarfe yake feshi kusa da injin sassaƙa, cok ɗin da aka ajiye a ƙasa bayansa a buɗe ya riga ya kwaso abin da zai lalata aiki, kuma a hankali ya lalata hancin kansa.

Ƙananan injinan Sin na kan tebur ba su shiga duk wannan ba. Nasu faranti ne kawai a ƙarshen sanda da ɗan tudu a tsakiya, sai turaku da notoci da ake ɗaurewa ta baya a wani lungu da yatsa yake shiga da ƙyar. Ko a nan akwai tarko: cok mai faɗin milimita 100 ƙirar Sin ramin bayansa 72 ne, na ƙa'idar Jamus kuwa 70.

Me ya sa wannan ya shafe mu fiye da mutumin Ingila ko na Jamus? Domin shagunanmu, daga Panteka ta Kaduna zuwa Kano da sauran garuruwa, na hannu suka fi yawa a cikinsu, kuma daga ko'ina suka zo: na Ingila da suka fito daga makarantun koyon sana'a da ma'aikatun da suka rufe, na gabashin Turai, na Indiya, na Sin. Inji ya sauya hannu sau da dama, takardunsa sun ɓata, cok ɗaya tak ya rage a kansa. Mai saye yana duba tsayin gado da ƙarfin mota, bai tambayi hanci ba, sai ranar da ya buƙaci cok na biyu ya gane araha ba ta ado. A ganina kafin a yi ciniki a sa mai sayarwa ya sauke cok. A ga irin hancin, a auna kaurin tefa ko a ƙirga tiredi, a duba ko akwai sara ko tsatsa, sannan a ɗora agogon awo a kan tefar da fuskar a juya da hannu. Lafiyayyen hanci allurar da ƙyar take motsi. Wanda ya ƙi a sauke cok, ko dai ya cije ne, ko akwai abin da ba ya so a gani.

Abin da yake ceton kowa a wannan cakuɗe shi ne farantin baya. Yawancin cok ana sayar da su bayansu a shafe, da ɗan rami mara zurfi, ba ruwansu da kowane hanci. Farantin ƙarfen zubi ne yake shiga tsakani, bayansa ya dace da hanci, gabansa kuma ɗanye. Sirrin shi ne a kan injin da zai yi aiki da shi ake ƙarasa shi. A ɗaura farantin shi kaɗai, a share fuskarsa, a sassaƙa tudun da zai shiga ramin cok kaɗan-kaɗan, ana gwadawa, ana barinsa ya huce kafin awon ƙarshe domin ƙarfe mai zafi yana kumbura. Tudun ya shiga da ɗan bugun tafin hannu, kuma kada tsayinsa ya kai zurfin ramin, domin a fuskar waje ake so cok ya kwanta. Da yake sandar ce da kanta ta juya farantin aka yanke shi, duk wata 'yar karkata da ke tsakaninsu ta tafi da ɓarɓashi. Shi ya sa farantin da aka ƙarasa a injin maƙwabci, ko da hancinsu iri ɗaya ne, ba lallai ya yi daidai a naka ba.

To, sai cok ɗin kansa. Mai haƙori uku shi ne abincin yau da gobe. A cikinsa akwai faranti mai murɗaɗɗen layi da yake zagayawa daga tsakiya zuwa baki kamar ɗinkin faifai, haƙoran uku suna hawa wannan layi, makulli ɗaya ya motsa su tare. Dabarar tsohuwa ce: Simon Fairman na jihar Connecticut ya yi mata rajista a 1840, surukinsa Austin Cushman kuma ya kafa kamfanin ƙera cok a Hartford a 1862. Haƙoran suna da lamba 1, 2, 3, kowanne da gurbinsa, kuma a jere ake mayar da su. Wanda ya sa na 3 kafin na 2 zai ga ƙarfe ya koma gefe guda. Sabo mai kyau, irin na Pratt Burnerd ko Röhm ko Bison na Folan, yana kawo aiki tsakiya da kuskuren da bai wuce 'yan ɗigo cikin ɗari na milimita ba. Daga nan sai ƙasa. Layin ciki yana cinyewa a girman da aka fi kamawa, bakin haƙora yana buɗewa saboda yawan kama gajeren abu da tsininsu kaɗai, ga kuma mugun halin nan na zura bututu a hannun makulli don ƙarin ƙarfi, wanda yake lanƙwasa layin har abada.

Amma fa rawar mai haƙori uku ba kullum take da illa ba. Idan daga ɗanyen ƙarfe za a fitar da abu, aka yanke duk matakansa a kamu ɗaya ba a kwance ba, to duk za su fito a tsakiya ɗaya ko da cok ɗin ya tsufa, domin sanda ce take ba da tsakiya. Matsala tana tasowa ne idan an kwance an juya aikin, ko kuma idan abin da aka kama yana da tsakiyarsa tun asali. Wannan na biyun kuwa shi ne mafi yawan abin da ake kawowa shagunanmu. Shaf ɗin injin niƙa ne da mazaunin boris ya cinye, aka cika shi da walda, ana so a mayar da shi girmansa. Sabon mazaunin dole ya bi tsakiyar tsohon da ke ɗaya ƙarshen, in ba haka ba boris ɗin ba zai yi ƙarko ba, mai injin ya dawo yana zargin mai sayar da boris.

Irin wannan aiki na mai haƙori huɗu ne, wanda kowane haƙori yake tafiya shi kaɗai. Samari suna gudunsa don yana cin lokaci, alhali shi ne cok ɗin da tsufa ba ya rage masa daidaito sosai, tunda hannun mai aiki da agogon awo ne suke kawo tsakiya. A ɗora agogo a kan lafiyayyen wuri na shaf, a juya, a ga inda allura ta fi hawa da inda ta fi sauka, a sassauta haƙorin gefen da ya sauka, a matsa na gabansa rabin bambancin, a gama da wannan biyun sannan a koma ɗaya biyun. Wanda ya saba, musamman in yana da makulli biyu, cikin 'yan mintoci zai kai milimita 0.01. Yana kama mai kusurwa huɗu, yana kama mara siffa, kuma riƙonsa ya fi na mai uku ƙarfi. Da za a ce shago ya zaɓi ɗaya tsakanin sabon mai haƙori uku mai tsada da tsohon mai huɗu tare da agogo, ni na biyun zan nuna masa. Idan kuma shaf ɗin yana da ramukan tsakiya a ƙarshensa biyu kuma ba su lalace ba, a ɗora shi tsakanin tsini biyu ya fi komai, a sauke a mayar sau goma yana nan inda yake.

Akwai haƙora masu taushi da ake huda su a kan inji daidai girman aikin, suna da kyau ga aiki mai yawa iri ɗaya, akwai kuma mai haƙori shida na bututu mara kauri da uku za su matse shi ya koma mai kusurwa. Abin da bai kamata a wuce ba shi ne gudu. Lambobin nan na Colchester, 1800 da 2500 da 2000, iyakar juyin sanda ne a minti ɗaya, ba iyakar cok ba. Kowane cok yana da tasa iyakar, ta ƙarfen zubi ƙasa da ta sitil, ta babban mai haƙori huɗu ƙasa sosai. Ƙarfin da yake fizgar haƙora waje yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninku biyu, ma'ana riƙo yana raguwa daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Makullin da aka manta a jikin cok kuwa, wannan ba sai an yi dogon bayani ba. Hannu ba ya barinsa sai ya fita da shi.

Kolet wata hanya ce daban. Ɗan bututu ne na ƙarfe mai tsage-tsage, wajensa tefa, cikinsa daidai girman aikin. Idan aka ja shi cikin mazauninsa sai ya tsuke ya rungume ƙarfen ta ko'ina. Ba ya barin tabon haƙori, ba shi da abin da zai kama hannun riga, yana jure gudu, kuma yana mayar da aiki tsakiya sau bayan sau. Wanda ya fi shahara a injin sassaƙa shi ne 5C na kamfanin Hardinge, harafin C daga sunan Cataract da injinansu na farko suke ɗauke da shi. Yana kama har inci 1 1/16, kusan milimita 27, akwai mai ramin kusurwa huɗu da mai shida, akwai mai taushi da za ka huda da kanka. A injin Hardinge HLV-H an wasa mazauninsa a cikin sandar kanta, babu faranti babu komai a tsakani, kuma daga nan sunan injin ya fito wajen daidaito. A sauran injina sai an sa bushin a ramin tefa na cikin sanda, wanda ake kira Morse, da bututun ja ta baya, wanda yake buƙatar ramin sanda ya kai wajen milimita 35. Rauninsa shi ne ta gaba kaɗai aka tsaga shi, saboda haka girman da aka rubuta a kansa kawai yake kamawa da kyau. Aka ba shi abin da ya gaza, sai ya kama da baki kaɗai, aikin ya yi lilo, kolet ɗin ma ya lalace. Cikakken jeri kuwa kuɗi ne masu yawa.

ER, wanda Fritz Weber na kamfanin Rego-Fix a Suwizalan ya fito da shi a farkon shekarun 1970, an tsaga shi ta gaba da ta baya, tefarsa digiri 8, kuma kowanne yana tsukewa har milimita 1 yana riƙe da miƙe. ER32 yana kaiwa milimita 20, ER40 milimita 26, babu gibi tsakanin wannan da na gaba. Asali don riƙe wuƙaƙen inji aka yi shi, amma mazauninsa da aka ɗora a kan farantin baya, aka bar tsakiya a buɗe don dogon ƙarfe ya wuce, ya zama hanya mafi sauƙi ga ƙaramin shago, kuma yana hawa kowane irin hanci tunda faranti ne yake magana da hancin. Sharaɗi biyu ne. A fara maƙala kolet a cikin notinsa har ya yi ƙas, sannan a ɗaura. Wanda ya jefa shi cikin mazauni ya bi da noti ya murƙushe zoben ciki. Sannan aikin ya cika akasarin tsayin kolet ɗin, domin ɗan guntu a baki yana sa bayan ya rufe babu komai a ciki, riƙon ya tashi a banza. Gajeren abu na 5C ne.

Sai dai kolet, kowane iri, ƙarfe mai santsi mai girma ɗaya yake so. Abin da aka fi samu a kasuwarmu kuwa baƙin rodi ne mai ɓawo, wanda bai cika zagaye ba, da tsofaffin shaf na mota da aka tsinto a gwangwan. Aka cusa irin wannan a kolet, ɓawon yana goge cikinsa, rashin zagayen yana karkatar da tsagoginsa, cikin ɗan lokaci ya daina kama komai daidai. Irin wannan ƙarfe a cok yake fara kwana, a share shi ya fito sumul a girman da aka sani, sannan in an juya shi don gyara ɗaya ƙarshen a miƙa wa kolet.